Fawa-bank Mai Dubu Sittin

Litinin, 4 ga Agusta, bayan azahar

Takardar ta iso. Tahira za ta tafi ƙasar Larabawa ranar ashirin da ɗaya ga wata, musabaƙar mata ta haddar izu sittin. Tun hantsi gidanmu bai huta da guɗa ba. Matan da suka saba kawo mini wayoyinsu caji yau kai tsaye suke wucewa ɗakin Inna, sai sun gama rungumar yarinyar sannan su tuna da ni su miƙo waya: "Furera, ga ta nan, tun jiya ta mutu."

Na yi murna. Na rubuta ne don in gan shi a rubuce: na yi murna.

Ƙanwata ce, ni na goye ta. Shekara huɗu ke nan, tun da idon Baba ya yi rauni, kullum bayan asuba ni nake zama a tabarma in karɓi haddarta. Ni na san inda take tuntuɓe. Duk ayoyin da suke kama da juna suna ruɗa ta, ni na bi su ɗaya bayan ɗaya na rubuta mata a ɗan koren littafin nan. Yau Baba yana zaure yana gaya wa baƙi cewa muryar kakarmu ta gado. Ina jin sa ta katanga, kuma har suka watse sunana bai fito ba.

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

An ce mutum ɗaya zai raka ta, kuma dole muharrami. Yaya Muntaka ke nan. Yaya Muntaka, wanda in ka tsare shi a kan izu biyar sai tari ya kama shi. Ya je Kano kan maganar takardu, ya dawo da sabuwar hula yana tambayata wai ko a jirgi ana cire takalmi. Na ce ban sani ba, ban taɓa hawa ba. Ya ƙyalƙyale da dariya, bai ji yadda na faɗe ta ba.

Ni ma na taɓa tsayawa gaban alƙalan musabaƙa. Shekara tara da suka wuce na zo ta biyu a ƙaramar hukuma, Baba ya dafa kaina ya ce sai baɗi. Kafin baɗin na yi aure, kuma ni na so, ba wanda ya tilasta ni. Auren ya mutu, na dawo gida da akwati biyu da allon sola ɗaya. Yanzu a ƙauyen nan in an ce Furera, caji ake nufi.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan la'asar

Baba ya kira ni zaure. Ya ce ya ji batirin wayar Tahira ba ya riƙe wuta, ga shi da ita take sauraren karatunta tana gyarawa, ga doguwar tafiya.

"Akwai wani abu da ake ɗura wa wuta a tafi da ita, ko?"

Na ce fawa-bank, Baba.

"To, shi. Jibi kasuwar Ɗanbatta, Muntaka ya kai ki. Ki zaɓo mata wanda ya dace, ke kika san kan waɗannan abubuwan."

Ke kika san kan waɗannan abubuwan. Ita ta san izu sittin, ni na san batir.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan magariba

Mun je, mun dawo. Laka har gwiwa daga kwanar rafi zuwa titi, sau biyu ina sauka daga babur. Gero ya yi kyau bana, ta ko'ina sai ka rantse hanya za ta rufe.

Yaya Muntaka ya ajiye ni a rumfar Badaru, inda nake sayen wayoyin caji, shi kuma ya wuce kara kallon shanun da ba saya zai yi ba. Badaru ya jera mini guda huɗu, kowanne da lambar yawan wutar da yake ɗauka: mai dubu goma, mai dubu ashirin iri biyu, sai wani baƙi mai dubu sittin, mai igiyar ratayawa da fitila a goshi. Nauyinsa kamar ɗan dutsen niƙa. Shi na ɗauka.

Badaru ya yi wasu maganganu, shi dama bakinsa ba ya hutawa. Kasuwa ta cika, ga masu lasifika suna tallan magani.

Shi ne mafi girma a rumfar. Duk wanda ya gani zai ce na yi wa ƙanwata gata.

Litinin, 11 ga Agusta, da asuba

Ban karɓi hadda ba yau, na ce kaina ke ciwo.

Talata, 12 ga Agusta, da azahar

Tahira sai juya shi take tana kunna fitilar tana kashewa, kamar yarinya da sabon takalmin sallah. "Yaya, wannan ai har na dawo bai ƙare ba!" Ta rataya shi a kafaɗa ta zaga tsakar gida, Inna tana cewa a bi shi a hankali kada ya faɗi a kan kaji.

Kwana biyu yana jone da sola bai cika ba, saboda hadari ya ƙi barin rana ta fito. Na cire wayoyin mutane uku don ya samu ya sha. Aina'u ta maƙota ta zo ta tarar da tata ko ɗigo ba ta ɗauka ba, ta fara mita, da na ce na Tahira ne ake cikawa sai ta washe baki. "Ayya, na malama ne? A bar shi ya ƙoshi, tawa ta jira."

Malama. Shekararta goma sha tara.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan asuba

Izu shida ta kawo yau, tuntuɓe ɗaya kacal, shi ma kafin in buɗe baki ta kama kanta.

Gara in faɗi gaskiya ko a nan ne. Idan Tahira tana karatu, har akuyar da ke turke daina tuƙa take. Ni na fi ta riƙe baƙi, wannan ko Baba ya sani, ban taɓa haɗa aya da 'yar'uwarta ba. Amma abin da ke cikin maƙogwaronta babu shi a nawa, kuma ba a koyonsa. Ina zaune gabanta, littafi a cinyata, tsigar jikina tana tashi don daɗi, a lokaci guda kuma wani abu yana cin ƙirjina kamar na haɗiyi garwashi. Hassada ce. Na san sunanta, na san hukuncinta, ni nake koya wa 'yan matan Islamiyya illarta duk ranar Asabar.

Da ta rufe ta ce, "Yaya, ya kika ji?" Na ce ba laifi, ki dai kula da jan madda.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Inna ta haɗa kaya. Ita a wurinta duk wanda zai yi tafiyar da ta wuce Kano, to ɓarayi na can sun yi layi suna jiransa. Tun zamanin da kakanmu ya tafi Makka ta ƙasa, a gidan nan abu mai daraja ba a ajiye shi a saman jaka, ɗinke shi ake a gindinta. Haka ta yi wa Baba, haka ta yi mini da 'yan kunnena ranar da aka kai ni.

Ta farke shafin babbar jakar, ta kwantar da fawa-bank ɗin, ta ɗora ɗan koren littafin a kansa. Tahira ta ce a bar mata littafin a jakar hannu, Inna ta ce a'a, jakar hannu ita ake fizgewa. "In kin sauka masauki kya farke abinki a tsanake." Ta kawo tsohon zani ta naɗe su, ta bi da zaren buhu da basilla, layi uku. Sannan aka jera atamfofi, hijabai, kuka, daddawa, yajin da ta daka, da ƙullin ƙuli-ƙulin da Aina'u ta kawo.

Ni na riƙe mata bakin jakar tana ɗinki. Ni na zura mata zaren ma, don idonta ba ya ganin kafar basilla.

Lahadi, 17 ga Agusta, da hantsi

Kasuwa ba ta cika yadda na rubuta ba. Masu lasifikar suna can nesa, wajen 'yan hatsi. Na ji abin da Badaru ya ce tsaf.

Ya tambaye ni na gida ne ko na tafiya. Na ce na tafiya, jirgi za a hau. Sai ya janye baƙin ya turo mini mai dubu ashirin.

"Hajiya, in jirgi ne wannan za ki ɗauka. Ƙa'idarsu, wanda ya haura wajen dubu ashirin da bakwai sai da izini, irin wannan mai dubu sittin kuwa ko da izini ba ya shiga. Kuma ko ƙaramin ne, a hannu ake riƙe shi, ba a sa shi a babbar jaka, wai yana iya kamawa da wuta a cikin kaya. Alhazai nawa suka dawo suna ba ni labari."

Na ce na ji, babban nake so, na gida ne ashe. Ya dube ni, ya sa mini a leda.

Me nake so ya faru? Wallahi ban zauna na tsara ba. Ina jin so nake a tsayar da ita a gaban mutane, a ƙwace wani abu daga hannunta, ta ji kunya ta minti biyar. Ta dawo tana ba da labarin tafiya da ɗan tabo a ciki. Iyakarta ke nan. Ban san Inna za ta haɗa shi da littafin ba.

Amma jiya na sani, ina riƙe da bakin jaka.

Talata, 19 ga Agusta, bayan azahar

Na tashi da niyyar faɗa. Har na ɗauko reza na sa a gefen zani, in farke ɗinkin in ce na tuna wata magana da mai kanti ya yi. Abu mai sauƙi, Inna ta yi faɗa ta gaji.

Sai ga wani ɗan gidan rediyo daga Kano, da na'urarsa. Aka shimfiɗa darduma a zaure, mu mata muna leƙe ta bayan asabari. Ya tambayi Tahira wa ya koyar da ita. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mahaifina, Malam Abdulmumini, Allah ya saka masa." Ya ce sai wa? Ta ce da malamanta na Islamiyya, da duk 'yan gidansu.

Duk 'yan gidansu. Ni da Yaya Muntaka da kaji, kason mu ɗaya.

Na mayar da rezar cikin gwangwanin allura.

Laraba, 20 ga Agusta, da la'asar

Jakar tana jingine a ɗakin Inna, an ɗaure ta da igiya an rubuta suna. Sau huɗu na wuce ta yau.

Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi

Sun tafi. Ruwa aka kwana ana yi, motar Kawu Iliyasu ta kafe a kwanar rafi sai da samari suka turo ta, sun yi latti sosai. Tahira ta rungume ni a ƙofar gida, hijabinta ya jiƙe, ta ce a kunnena, "Yaya, ki yi mini addu'a, taki ta fi ta kowa." Na ce Allah ya kai ku lafiya. Bakina ya buɗe zai ƙara wani abu, Kawu ya danna ham.

Alhamis, da la'asar

Shiru. Wayar Yaya Muntaka a kashe.

Alhamis, bayan magariba

Kawu ya dawo. Da jakar.

Juma'a, 22 ga Agusta, da hantsi

Jiya da dare ban iya ci gaba da rubutu ba. Ga yadda Kawu ya ba da labari a tsakar gida, Inna tana zaune a kan turmi hannu a ka.

Sun isa filin jirgi ana dab da rufe karɓar kaya. Aka sa jakar a na'urar da ke haska ciki, ma'aikaciyar ta ce akwai babban batir, a fito da shi. Tahira ta ce yana ƙasa, a ɗinke. Aka kwance igiya, aka zazzage komai a kan tebur a gaban jama'a, atamfa, daddawa, har ƙullin yaji ya fashe mutane suka kama atishawa. Suka iso ɗinkin Inna. Babu mai reza, babu mai almakashi, wa zai shiga wurin nan da su? Yaya Muntaka ya sa haƙori, zaren buhu ya ƙi. Shugabar tawagar tana ta kiran suna, ta ce ko su taho yanzu ko jirgi ya tashi ba su. Tahira ta tsaya tana kallon jakar tana kuka, sai da Yaya ya ja hannunta. Da kayan jikinta da jakar hannu ta shiga.

Kawu ya ce ma'aikatan ba su yi musu wulaƙanci ba, har wata ta taya shi kwashe kayan. Da ya samo wuƙa a waje ya farke, wani ma'aikaci ya duba rubutun jikin abin ya ce ai wannan ko a hannu aka riƙo shi ba zai wuce ba.

Inna sai cewa take, "Ni na ɗinke, ni na jawo mata." Tun jiya ba ta ci abinci ba.

Kawu kuwa ya rantse jibi Lahadi zai je Ɗanbatta ya tsaya a rumfar Badaru, ya ji dalilin da zai sayar wa mace abin da ya san ba ya shiga jirgi. Baba ya juyo da fuskarsa wajen da nake, da idanun nan nasa da ba sa gani sosai, ya daɗe.

Koren littafin yana ɗakina. Warin daddawa yake.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan azahar

Sun kira. Yaya Muntaka ya samu layi a can, aka sa a lasifika kowa ya matso. Sun sauka lafiya, 'yan tawaga sun ba ta aron kaya, ranar Talata za ta hau. Inna ta fara ba ta haƙuri tana kuka, Kawu ya karɓe da zancen Badaru da abin da zai yi masa gobe.

Sai Tahira ta ce, "Kawu, don Allah kada a je. Mai kantin ya faɗa wa Yaya, Yaya kuma ta faɗa mini tun ranar da ta kawo shi. Ni na nace sai babban, na ɗauka ba za su duba ba. Inna ma da na yi magana ba za ta ɗinke ba. Laifina ne."

Baba ya ce, "Ke, Tahira? Aka gaya miki kika ƙi ji?" Ta ce, "Na'am, Baba. A yafe mini." Ya ce Allah ya kyauta, da muryar da yake yi wa ɗalibin da ya ba shi kunya. Ban taɓa jin ya yi mata ita ba.

Ban gaya mata komai ba. Ban taɓa ce mata Badaru ya yi magana ba. Daga ina ta san ya yi?

Yarinyar da ko wasan ɓuya aka yi ba ta iya cewa ba ta ga mutum ba, yau ta yi wa Baba ƙarya da bakin da za ta hau musabaƙa da shi. Saboda ni. Kuma ga abin da ya fi ba ni tsoro da kaina: ina tsaye a wurin, kunya tana neman kashe ni, amma a ƙarƙashin kunyar wani abu yana cewa, har a nan ma ta fi ki.

Inna ta ci tuwo da yamma.

Lahadi, 24 ga Agusta, da la'asar

Kawu bai je kasuwa ba. Aina'u ta ce ashe malama ma tana da taurin kai, na ce ta ɗauki wayarta ta cika.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan asuba

Tahira ta kira ni, ni kaɗai, a wayata. Na fita bayan rumbu inda sabis ya fi ƙarfi.

Muka gaisa kamar baƙi. Na ce, "Tahira, maganar shekaranjiya," sai ta katse ni.

"Yaya, ke da ko batirin tocila ba kya saya sai kin tambayi mai kanti tarihinsa. Tun a filin jirgi na gane." Ina jin motoci a can bayanta. "Na yi fushi kwana biyu, ban iya karatu ba. Yanzu ba ni da lokacinsa. Gobe zan hau, littafin yana wurinki, kuma duk garin nan babu wanda ya san inda nake faɗuwa. Ki ja mini."

Na ce in ɗauki hoton shafukan in turo mata. Ta ce sabis ɗinmu ba zai kai hoto arba'in ba kafin gobe, kuma ba takarda take so ba, kunne take so.

Ban ma buɗe littafin ba, na san abin da ke ciki. Na zauna a kan tushen rumbu, raɓa tana jiƙa mini zani, na fara jefa mata farkon aya tana ɗauka. Na bi da ita duk ramukan, na izu na huɗu, na tara, na sha ɗaya. Muryarta ta dishe kaɗan, amma tana nan yadda take. Muka kai izu na sha bakwai, wurin nan da tun tana 'yar shekara sha biyar take zamewa ta faɗa cikin 'yar'uwar ayar da ke can gaba. Ta zo, ta zame, ta ci gaba da tafiya a kan kuskuren da daɗin murya, ba ta ji ba.

Na yi shiru na numfashi ɗaya. Ɗaya tak. Sannan na ce, "Koma."

Ta koma, ta gyara, ta maimaita sau uku har ya zauna. Muka ƙarasa sauran. Da za mu rabu na ce Allah ya ba da sa'a, kuma har cikin raina na faɗa, Allah ne shaida.

Ta ce amin. Sannan a hankali ta ce, "Yaya, na ji shirun nan."

Kafin in sami abin cewa, katin ya ƙare.